Canjin Wutar Azahar

Shekara bakwai na yi ina kula da janareton wani banki a Maiduguri. A ta takwas aka kawo na'urar da ke yin aikina, aka sallame ni. Kuma da bakina na faɗi maganar da ta sa aka kawo ta.

Ni mutumin Konduga ne. Noma na tashi na tarar, sai injin ban-ruwa da na yi shekaru ina fama da shi a bakin kogi. Ban yi boko ba. Ɗan rubutun nan a ajin manya na koye shi, a sansanin gudun hijira, lokacin da ba mu da aiki sai jiran rabon abinci. Yadda muka baro gida ba zan faɗa ba. Mu shida muka fito, mu biyu muka iso, ni da 'yata. Ita ma daga baya ta yi aure, mijin ya tafi da ita Kano. A wajen gudun na faɗa rami, kafaɗar dama ta goce, mai ɗori ya mayar da ita yadda ya iya. Har yau hannun ba ya wuce kunnena.

Wani ɗan garinmu da ke gadi a bankin shi ya kai ni. Lokacin wutar gari ta daɗe da yankewa, kowa da injinsa yake rayuwa. Manaja ya tambaye ni takarda. Na ce ba ni da ita. Ya ce to me na iya? Muna tsaye a bayan ginin, babban janareton yana aiki. Na ce bel ɗinsa ya saki, kafin la'asar zai yi zafi ya tsaya. Ya yi dariya ya koma ciki. Kafin la'asar ya tsaya. Washegari aka ɗauke ni, amma ba a matsayin ma'aikacin banki ba. Ta hannun kamfanin da ke kawo musu masu gadi da masu shara na shiga.

Janareto biyu ne, babba da ƙarami, a cikin rumfar kwano. A kusurwar rumfar akwai wani lungu da aka kewaye da bulo, nan aka ce in ajiye kayana. Tabarma, buta, akwatin ƙarfe, risho. Nan nake kwana. Albashin ba zai kama min ɗaki a gari ba, don haka aikin da makwancin abu ɗaya ne. In ɗaya ya tafi, ɗayan ya bi shi.

Ba mai zuwa bayan. Ƙara ta yi yawa, ga zafi, ga warin dizal. Ma'aikata ta gaba suke shiga, ta gaba suke fita. Ɗan garin namu bai cika shekara ba aka mayar da shi wani reshe. Akwai ranakun da ban yi wa mutum magana ba in ban da mai ƙosai. Bankin ta baya na san shi: bango, bututun ruwa, ɗigar na'urorin sanyaya ɗaki, da wani farin faranti a kan rufi da aka ce ta nan magana ke zuwa hedkwata. Wayoyina suna bi ta ramin bango su shiga wani ɗaki mai sanyi da kullum yake kulle. Sau biyu na leƙa shi. Baƙaƙen akwatuna ne masu ƙyifta fitila, da jerin batura a ƙasa. Aka ce kar in taɓa komai. Ban taɓa ba.

Babban inji ba ya iya wuni cur a zafin garin nan. Dole da tsakar rana a hutar da shi, a ɗora wa ƙaramin. Sai ka tayar da ƙarami, ka bar shi ya ɗumama har muryarsa ta daidaita, sannan ka je wajen wani akwati a bango mai hannun ƙarfe. Hannun yana sama. Ka jawo shi tsakiya, wuta ta yanke, ka danna shi ƙasa, wuta ta dawo. Mai lafiya numfashi ɗaya zai yi ya gama. Ni sai na hau bulo, na kama da hagu, na tallafa da dama. Ƙarfen kuma yana da tauri a tsakiya. Numfashi huɗu nake yi, wata rana biyar. Da asuba nake mayarwa kan babba, lokacin ba kowa a titi.

Ba wanda ya gaya min ƙarfe nawa zan yi canjin rana. Manaja cewa ya yi, "Ka duba lokacin da ba mutane." Ba ni da agogo, kuma daga inda nake ba a ganin gaban banki. Amma akwai masallaci a bayan katangarmu. Na ce a raina, in ladan ya kira azahar kowa zai nufi alwala, ba wanda zan ɓata wa aiki. A garinmu haka yake. In an kira salla, kasuwa ma tsayawa take yi. Sai na riƙe wannan. Ladan ya kira, in ɗan jira sahu ya tsaya, in ja hannun, in yi sallata ni kaɗai a gefen inji. Shekara biyar ina haka, ina ganin ma kirki nake yi.

A shekara ta shida aka kawo wata ma'aikaciya daga wani reshe. 'Yar kudancin Borno ce, Kirista, gajera, mai tabarau, Madam kowa yake ce mata. A unguwar Jiddari Polo take zaune da yaranta. Aikinta karɓar koken waɗanda na'urar cire kuɗi ta cinye musu kati, ko aka cire musu a asusu amma kuɗi bai fito ba. Wannan daga baya na sani. Ranar da na fara ganinta, zagayowa baya ta yi, ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ɗaya hannun riƙe da takarda.

"Wushe, Baba!" ta ɗaga murya.

Kanurinta a karkace yake. Na amsa da Hausa don in raba ta da wahala.

"Kai ne mai wuta?"

"Ni ne."

"Ƙarfe nawa kake canja inji?"

"Azahar."

"Azahar ƙarfe nawa?"

"In ladan ya kira."

Ta sauke yatsan daga kunne. Ta duba takardar. "Ran Talatar da ta wuce fa? Har biyu ta gota."

"Ladan ya je Kano saro kaya. Wanda ya bar wa kiran ya makara."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Wata uku ina zagin netwok. Ashe ladan nake nema."

Ban gane ba. Ta ce mu matsa gindin bishiyar maina inda ƙara ta yi sauƙi. A nan ta yi min bayani a hankali. Baturan ɗakin sanyi an ajiye su ne don su riƙe wuta a ɗan tsakanin da nake jan hannun. Amma zafi ya kumbura su tun tuni, ƙyiftawar ido kawai suke iya riƙewa. Duk ranar da na ja, baƙaƙen akwatunan nan sai su mutu, na'urorin cire kuɗi uku na gaba su bi su. Kafin su farfaɗo sai kusan kwatan awa. A ciki ba wanda ya damu. Fitila ta ƙyifta a garin da ba wuta, mene ne abin magana? Rabin ma'aikata ma suna masallaci. Wanda ya zo da kuka sai a ce masa netwok ne, ya cika takarda ya jira.

"To ai lokacin ba kowa," na ce.

"Baba, ka taɓa zuwa gaba a lokacin?"

"A'a."

"Gobe in ka ja abinka, kar ka tayar da salla tukuna. Ka zagayo. Lokaci ba zai fita ba."

Washegari na ja hannun, na sauko daga bulo, na zagaya.

Layi na tarar har bakin titi. Mata masu goyo, 'yan makarantar jinya da fararen kaya, malaman makaranta, akawuna da suka fito hutun rana. Su ma lissafin da na yi suka yi. In an kira salla maza Musulmi za su ragu, layi zai yi sauƙi, sai su zo. Ni ban taɓa kawo su a raina ba. A unguwarmu ta Konduga ban zauna da namijin da ba ya zuwa masallaci ba, matanmu kuma ba su da abin yi a banki.

Fuskokin na'urorin uku baƙi ƙirin. A gaban ta tsakiya akwai wani tsoho mai gogaggiyar riga, wuyanta ya ci, da biro a aljihu. Yana bubbuga gefen na'urar da tafin hannu. Wayarsa ta yi ƙara, ya nisanta ta da idonsa ya karanta.

"An cire! Ku duba, an cire, ba abin da ya fito. Ga katina a ciki."

A bayansa akwai wani mai farar shadda, yana ta ƙamshin turare. Ya dafa kafaɗar tsohon. "Baba, yi sauri ka shiga ka gaya musu kafin su tafi cin abinci. Ni zan tsare maka waje."

Tsohon ya yi godiya ya shiga. Madam tana gefena. Ta riƙe bakin hannun rigata. "Tsaya ka gani."

Muka tsaya. Rana tana dukanmu. Can sai fuskar na'urar ta yi haske, ta yi ɗan gunaguni, ta turo katin waje. Mai shaddar ya ɗora tafinsa a kai kamar mai dafa bango don ya huta. Madam ta ƙwala wa mai gadi kira. Mutumin ya saki katin ya faɗi ƙasa, bai yi gudu ba, ya taka da sauri ya tsallaka titi ya faɗa keke napep.

"Su biyu ne, wata rana uku," in ji Madam. "Suna tsayawa a bayan mutum su ga lambar da ya danna, sai su jira hannunka. Sun riga mu gane lokacinka, Baba. In ladan ya kira, su ma aikinsu ya tashi."

Ta ce akwai waɗanda aka yashe wa asusu ta haka, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Tsohon ya fito, aka miƙa masa katinsa. Amma abin da aka cire sai bayan kwanaki zai dawo. Ya zauna a kan matakala. Malamin makaranta ne mai ritaya, daga unguwar Bulumkutu ya zo, matarsa tana kwance a asibiti, takardar magani tana aljihunsa. Ba da ni yake ba, da iska yake maganar. Sai ya ɗago ya gan ni tsaye da kayan baƙin mai.

"Ɗan'uwa, kai ma ta ci maka?"

Na ce, "A'a."

Ban ce masa ni ne ba. Na koma baya na tayar da salla. Ban san raka'a nawa na yi ba.

Manaja ya ce batura daga hedkwata suke zuwa, ya rubuta tun bara, zai sake rubutawa. Ya ce a sauya lokaci. Madam ta ce babu lokacin da gaba ba kowa, kuma inji ba zai kai yamma ba. Sai ta fito da dabararta. Akwai bututun ruwa da ya taso daga kicin ɗin ma'aikata ya bi ta jikin rumfata. In na tayar da ƙaramin inji, tana jin muryar biyu daga kujerarta. Sai ta fita gaba, ta sa mai gadi ya tsayar da layi, ta tabbata kowa katinsa yana hannunsa. Ta dawo kicin ta buga bututun da cokali sau uku. Ni ba na iya ji saboda ƙara, tafina nake ɗorawa a kan bututun in jira. In ya motsa sau uku, in hau bulo in ja. In na gama in mayar mata da bugu ɗaya da sifana.

Mutane suna ƙorafin tsayuwar kwatan awa a rana. Amma ba kati da ya sake maƙalewa. Masu shadda suka zo sau biyu, suka ga ba ci, suka daina.

Kusan shekara muka yi haka. Ban taɓa zaton zan jira motsin bututu kamar yadda ake jiran baƙo ba. Tun hantsi nake gyara inji, in goge hannu, in tsaya. Ran Asabar da Lahadi ba ta zuwa, mai gadi ke zagayowa ya ɗaga min hannu daga nesa. Waɗannan ranakun sun fi tsawo.

Wani lokaci takan zagayo da ragowar abinci a kula. Tuwon dawa, miyar yakuwa da gyaɗa.

"Ci, Baba. Ba naman da kake tsoro a ciki. Bandar kifi ce."

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce."

Takan zauna a kan jarkar da ba komai, a gindin maina, ta cire takalmi. Ita ke maganar, ni ina ci. Labarin yaranta, da mai gidan hayarta da ya ƙi gyara kwata, da mawaƙan cocinsu da suka yi faɗa a kan anko.

"Kai da injin nan kun fi mata da miji," ta ce wata rana.

"Shi ba ya tambaya."

"Au, ni ce mai tambaya ke nan? To kawo kulata."

Sau ɗaya ta tambaye ni iyali. Na ce sun rasu, sai 'ya ɗaya. Ta ce nata mijin ma a hanyar garinsu aka tare motarsu. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Da damina zazzaɓi ya kama ni. Kwana biyu ina rawar sanyi a cikin zafin inji, ban gaya wa kowa ba. In na faɗa za a ce in tafi gida, ni kuma ina gidan? Rana ta uku ƙarshen wata ne, an biya albashi, ko daga bayan ginin ana jin hayaniyar mutane. Na tayar da ƙarami. Na ɗora tafi a kan bututu. Ya motsa sau uku. Na hau bulo, na kama hannun, na jawo shi tsakiya. Daga nan ban san komai ba.

Da na buɗe ido ina ƙasa, Madam tana yayyafa min ruwan butata. Ta jira bugun sifana ba ta ji ba, ta jira wuta ba ta dawo ba, kafin ta ratso mutane ta zagayo an daɗe. Ta gwada danna hannun ta kasa, sai da ta kira mai gadi. Banki duka ya tsaya, ciki da waje. Akwatunan ɗakin sanyi ranar ba su farfaɗo daidai ba sai bayan la'asar. Mutane da yawa sun koma gida hannu wofi, wasu daga ƙauye suka zo.

Ita ta saya min magani. Bayan kwana huɗu na miƙe. Ta zo gindin maina, wannan karon ba kula, ba ta kuma cire takalmi ba.

"Baba, wannan ba gyara ba ne. Banki guda a kan cokalina da kafaɗarka."

Ta gyara tabarau, ta ci gaba.

"Na rubuta wa hedkwata da kaina, manaja ya sa hannu. Za su turo injiniya. Abu biyu ne. Sababbin batura, su dole ne. Akwai kuma wata na'ura mai canja inji da kanta. In suka ga dalilin sa ta..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Na gane," na ce.

"Ban rubuta faɗuwarka ba. Cewa na yi an sami matsala wajen canji. In ya tambaye ka, ka ce ƙarfen ne ya cije. Ai ba ƙarya ba ce, yana cijewa. Na yi magana da mai gadi, ba zai ce komai ba. In batura suka zo, ko numfashi goma ka yi ba wanda zai sani."

Mako uku muka jira injiniyan. Na yi tunani a makonnin nan fiye da wanda na yi a shekara biyar. Gidan 'yata ba wurin zamana ba ne, mutum ba ya tarewa a gidan suruki. Gonata ta Konduga ba ta nomuwa tukuna, ko da tana nomuwa ba da wannan hannun ba. Sansanin da na zauna an rufe shi. Na shafa wa ƙarfen man giris. Da asuba nakan gwada ja da hagu kaɗai, in ga ko zan rage numfashi ɗaya. Na rage. Amma duk lokacin da na hau bulon sai in ji ƙafata ba ta yarda da ni ba kamar da.

Injiniyan ya zo ran Laraba. Dattijo ne mai tumbi, daga Kano. Da ya ji harshena sai ya washe baki.

"A'a, Babarbare ne ashe! Ni Bafulatani ne. Bawana, tashi ka gaishe da ubangijinka."

"Bafulatanin da ya bar saniya ya kama waya," na ce. "Wa ya sayar maka da takalmi?"

Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce tun da ya sauka garin nan bai sami wanda ya rama ba sai ni. Ya zagaya injinan, ya duba mai, ya shafa ƙasa ya ga ba ɗigo. Ya ce ya ga janareto a rassa da yawa, bai ga mai tsabtar waɗannan ba. Ya shiga ɗakin sanyi ya fito yana girgiza kai, ya ce baturan sun zama kabewa. Da rana ta take, aka tsayar da layi, ya ce in ja ya gani. Ya riƙe waya yana auna lokaci. Madam tana tsaye a bayansa.

Na ja. Ya duba wayar, ya ce ba laifi, sababbin batura za su shanye wannan.

Ya fara tattara takardunsa. Sai ya tsaya.

"Bawana, in ba ka da lafiya wa ke ja?"

"Ba kowa."

"Ran da banki ya tsaya fa? An rubuta matsala wajen canji. Wace iri?"

Madam ta dube ni ta saman tabarau. Ta ɗan girgiza kai.

Shekara biyar na cuci mutane ban sani ba. Wannan karon da sanina zai zama. Batura ma zafi zai sake kumbura su, ba wanda zai lura sai ranar da aka buƙace su.

Na ce, "Ƙarfen bai cije ba. Ni ne na faɗi."

"Ka faɗi yaya?"

"Zazzaɓi. Na jawo tsakiya na suma. Kafaɗar nan ma ba ta da kyau, a kan bulo nake hawa. Zan sake faɗuwa. Ban san ranar ba."

Wasa ya bar fuskarsa. Ya dubi bulon, ya dubi lungun da tabarmata take. Ya ce, "A nan kake kwana?" Na ce e. Ya daɗe bai rubuta komai ba. Sannan ya rubuta.

Da ya tafi Madam ta dawo. Ban taɓa ganin ta cikin fushi haka ba.

"Me ya kai ka? Ya riga ya rufe takarda! Wa ya tambaye ka kafaɗa?"

"Shi ya tambaya."

"Maganar ƙarfe ya tambaya! Kai dai Barebari taurin kai ne zai kashe ku. Yanzu ina za ka?"

"Ban sani ba."

Ta cire tabarau ta goge da gefen ɗankwali, ta mayar. Ta ce, "Da ni ce ba zan iya ba." Ta koma ciki.

Bayan wata biyu kaya suka iso. Kwana uku ana aiki. Ni na nuna musu inda kowace waya ta bi, na gaya musu halin babban inji, yadda yake tari kafin ya yi zafi. Suka ce ba damuwa, za su sa masa abin da zai kai rahoton zafinsa waya. Suka cire akwatin mai hannun ƙarfe, suka kafa wani toka-toka, ba hannu, sai fitilu. A gaba ma an yi gyara. Aka sa murfi a kan wajen danna lamba, aka ƙara kyamara, aka saita na'urorin yadda in wuta ta ɗauke da kati a ciki ba za su turo shi waje ba, sai mai shi ya shiga da shaida ya karɓa.

Ranar gwaji ba a tsayar da layi ba. Injiniya ya ce a bar mutane su yi harkarsu. Ya danna wani abu. Ƙaramin inji ya tashi da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Ya ɗumama. Akwatin ya yi ƙas, sau ɗaya. Babba ya yi shiru. Mai gadi ya zagayo yana dariya, ya ce wata mata tana tsakiyar cire kuɗi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Manaja ya tafa, sauran suka tafa. Na saurari aikin da kyau, ko zan ji aibi. Babu. Ya fi ni.

Injiniyan ya riƙe hannuna da zai tafi. Ya ce, "Ka yafe ni, bawana." Na ce ba abin yafewa, ya gaishe da shanu.

Wata biyu aka bar ni ina share rumfa ina zuba mai. Azahar ta yi, akwatin ya yi ƙas, ni ina zaune. Na fara zuwa masallacin bayan katanga, na ga ladan da idona karo na farko. Sannan takardar sallama ta zo daga kamfani. Makaniki zai riƙa zuwa sau ɗaya a mako, masu gadi za su zuba mai. Madam ta je wa manaja ko za a mayar da ni gadi. Aka ce gadi sai da takardar makaranta da hannu biyu masu lafiya. Ta nemi shara. Aka ce a cike yake.

Ranar tafiya na naɗe tabarma, na ɗaure risho a kan akwati. Ta fito ta raka ni bakin titi, ta tsayar min da keke. Ta ba ni tsohuwar wayarta, ta sa lambarta a ciki, ta nuna min inda zan danna.

"Ka kira ni, Baba. Kar ka yi halinka."

Na ce to.

Sai da na bar wajen na gane kunnena ya tafi. A gefen inji kowa ihu yake yi, ban lura ba. A gari sai na ga bakin mutane yana motsi, rabin maganar ba ta iso ni. Ta kira sau uku. Ina jin muryarta can nesa, ba na rarrabe kalma. Ina ta cewa lafiya lau, lafiya lau. Daga baya ta daina. Na ji an mayar da ita wani gari.

Yanzu ina Bulumkutu. Wani mai rijiyar burtsatse ya ɗauke ni, ina tayar masa da injin famfo safe da yamma, masu kura suna ɗiban ruwa. A ɗakin famfon nake kwana.